Ki Gaishe Ni a Tsaye

Toranke, farkon kaka

Zuwa ga taubashina Inuwa na Kademi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Kadijatu da yara. Yaya ƙugun naka? An ce mini yanzu a zaune kake sallah kamar wani alƙali. Allah ya ƙara sauƙi, tsoho. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi kyau, an fara yanka, sai dai akuyata ta sake shiga waken mutane na sha faɗa.

Na zaɓi takarda ne don maganar ba ta waya ba ce. Da kunnen nan naka sai na yi ta ihu, kafin ka gane abin da nake faɗa duk Toranke ta riga ka ji. Anas direba zai kawo maka ita ranar kasuwa.

Ranar da aka kawo 'yarka Adawiyya gidan mijinta Yusuf, kai da bakinka ka ce mini tun da Hajara ta rasu ba ta da uwa sai ni, in sa ido a kanta. To na sa, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Tun da ta haifi Muhammad Bashir ta dawo daga wanka, yarinyar nan ta canza. Ba ta durƙusa wa kowa. Ranar Juma'a Malam Bubayero, yayan surukinta, ya shigo gidan, kowace mace ta zube ƙasa, ita kuwa tana tsaye ƙiƙam. Kai kawai ta ɗan sunkuyar ta ce ina wuni. Wallahi ni na ji kunyar.

Ba shi ke nan ba. Ba ta goya ɗanta, sai ta saɓa shi a kafaɗa ko ta shimfiɗe shi a gado. Ta ɗaura wa tsintsiya sanda tana shara a tsaye. Wanki ma sai ta kifa turmi ta ɗora baho a kai. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango, tana yauƙi kamar matar gwamna. Surukarta Lami ta ce boko ne ya hau mata kai, matan gidan kuma har sun fara kwaikwayon tafiyarta. Yusuf yana Legas wajen aikinsa, bai san abin da ake ciki ba.

Na ja ta ɗaki na tambaye ta. Sai ta ce, "Gwaggo, bayana ne. In na sunkuya ji nake kamar ana soka mini allura, har ƙafata yake sauka." Na yi dariya har da hawaye. Haba! Ina yarinya ina ciwon baya? Mu da muka haifi tara muna daka muna surfe ba mu ce ba, sai ita da haihuwar fari?

Ka yi mata magana ta bakina, don na san ba za ka yi da kanka ba. Ga sussuka na tafe, duk matan unguwa za su fita, in ba a gan ta ba maganar za ta yi girma.

A gaida Kadijatu. Wassalam.

Taka, ko ka so ko ka ƙi,
Hansai

*

Kademi, ranar kasuwa da yamma

Zuwa ga Hansai,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙugu da sauƙi. Ki ɗaure akuyarki, ke ma in da hali a haɗa da bakinki.

Na karanta takardarki a tsaye a gaban Anas, ban bar shi ya tafi ba sai da na rubuta wannan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar nan ba haka aka yi mata tarbiyya ba. Uwarta, Allah ya jiƙanta, ko ƙanina ne ya shigo sai ta rusuna. Ni na kafe sai ta gama sakandare alhali 'yan uwa suna cewa a bari, yau ga shi ana nuna ni da baki a garin mutane.

Ki faɗa mata ban tura ta Toranke don ta zubar mini da mutunci ba. Ta goya ɗanta kamar kowace uwa, ta fita sussuka da sauran mata, ta bi manyan gidan ta ba su haƙuri. Idan kuwa gwiwarta ta fi ƙarfin taɓa ƙasa a gaban manya, to ba sai ta zo gaishe ni da Sallah ba.

Anas yana ta danna ham. Wassalam.

Inuwa

*

Kademi, ranar Laraba

Zuwa ga Hansai,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni dai a kwance nake rubuta miki wannan, ki yi haƙuri da karkacewar rubutun.

Shekaranjiya da asuba na sunkuya zan ɗauki buta, sai bayana ya riƙe. Na kasa miƙewa, na kasa zama. Bango na dafa ina kiran Kadijatu kamar ƙaramin yaro. Sai da aka taru aka kwantar da ni. Maƙwabta suna ta shigowa sannu, wani ya kawo man zafi, wani ya ce zai kwashe mini sauran geron da ke gona. Babu wanda ya ce ƙarya nake.

Da na gaji da kallon rufin ɗaki na ce a miƙo mini takardarki na sake karantawa, wannan karon a hankali. Kin ce ta ce ciwon har ƙafarta yake sauka. Wanda bai taɓa yi ba bai san yana sauka ƙafa ba. Ni na sani, nawa ta hagu yake bi har ɗan yatsa. Kin ce tana dafa bango in za ta tashi. Ni ma haka nake tashi. Kin ce ta ɗaura wa tsintsiya sanda. Je ki duba fartanyata, bara na sa aka yi mata doguwar ƙota don kada in duƙa, mutane suka ce Malam Inuwa akwai dabara. Duk abin da kika lissafa mini a matsayin girman kai, abin da nake yi kullum ne. Kuma ni, da na fi kowa sanin abin, na karanta ban gani ba, don hankalina yana kan abin da mutane za su ce.

Don Allah kada ki karanta mata waccan takardar. Ki yaga ta. Kada ta je sussuka, kada ta ɗauki ko tulu ne. Ki samu Lami ki yi mata bayani, a kai yarinyar asibiti a Gaya a duba ta.

Na so in sa Kadijatu ta buga miki waya, sai na kasa. Kin san 'yar fari ce. Yaya zan buɗe baki a gaban iyali in ce hankalina ya tashi a kanta? Anas zai bi ta nan gobe, in sha Allahu jibi tana hannunki.

Wassalam.

Inuwa

*

Asibiti, Gaya

Zuwa ga ɗan uwana Inuwa,

Assalamu alaikum. Yau babu wasa a bakina. Na ji an ce ka kwanta, Allah ya ba ka lafiya. Na san Kadijatu ta faɗa maka an kawo Adawiyya asibiti, don na buga mata. Amma ban faɗa mata yadda aka yi ba. Kai ya kamata ka fara ji, kuma daga gare ni.

Takardarka ta biyu yau ta iso hannuna, a nan bakin asibiti. Motar Anas ta lalace a hanya, ta yi sati biyu a gareji da takardar a cikinta. Ya kawo mini yana ta ba da haƙuri. Na karanta na zauna a ƙasa na yi kuka, har wata mata ta zaci rasuwa aka yi mini.

Ta farkon kuwa ta iso a ranar da ka rubuta ta. Kuma ban ja ta ɗaki ba. A tsakar gida na karanta, a gaban Lami da matan gidan, da ƙarfi, don in nuna musu mu ba mu goyon bayan rashin kunya. Da na zo wajen maganar Sallah har na maimaita. Kaicona! Ta dube ni kawai ta ce, "Baba ne ya rubuta haka?" Na ce ga rubutunsa nan, duba. Ta duba, ta miƙo mini, ta shiga ɗaki.

Washegari ta fito da Muhammad Bashir a goye. Ta bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya tana durƙusawa har ƙasa. A gaban Malam Bubayero na ga gumi yana tsattsafo mata a goshi, da za ta tashi sai da ta dafa ƙasa da hannu biyu. Na gani da idona, Inuwa. Abin da na ce a raina shi ne, ashe tana iyawa.

Ranar sussuka ta riga kowa fita. Ta karɓi taɓarya, ga yaro a baya, tana yi tana cije leɓe. Mata suna waƙa suna cewa amaryar boko ta shiryu. Da rana ta take wata ta ce ta huta, ta ce a'a. Da aka cika buhu ta kama gefe ɗaya za su ɗaga ita da wata, sai muka ji ta yi ƙara. Ban taɓa jin irin wannan ƙarar daga bakin mutum ba. Ta faɗi a kan gwiwoyinta, amma hannunta ɗaya yana baya ta tare kan yaron kada ya bugu. Muka kwance goyon. Muka ce ta tashi, ta ce, "Gwaggo, ba na jin ƙafata."

A kan ƙyauren ɗaki muka ɗauko ta zuwa mota. Likita ya tambaye ta tun yaushe take jin ciwon, ta ce tun tana da ciki wata bakwai. Ya juyo ya tambaye ni ko ta taɓa faɗa wa wani. Na ce ta faɗa mini. Ya ce, to me aka yi? Na sunkuyar da kaina.

Sun ce a wuce da ita Kano a ɗauki hoton bayan. Yusuf ya taso daga Legas. Lami tana nan ita ma, ta riƙe yaron, ba ta iya haɗa ido da kowa. Ni zan bi su, ba zan dawo ba sai da ita.

Amana ka ba ni, ga abin da na yi da ita. Ka yi mata addu'a.

Hansai

*

Kademi, bayan an gama kai amfanin gona gida

Zuwa ga Hansai,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna samun sauƙi. Ni na fara takawa zuwa masallaci da sanda.

Wannan ta uku ke nan da na aika Toranke ban ji amsa ba. Na san kina Kano, na san ba ki da sukuni. Kadijatu tana buga waya, kullum abin da take faɗa mini shi ne da sauƙi. Da sauƙi kamar yaya? Tana taka ƙafar ko ba ta takawa? In na matsa sai ta ce layin ba ya jin magana. Na fara zargin kun haɗa baki kuna ɓoye mini wani abu. Ko kuwa yarinyar ce ta ce kada a ƙara faɗa mini komai nata? In haka ne ki gaya mini, ba zan ga laifinta ba.

Kin ce ke kika ci amana. A'a. Ke ba ki san ciwon ba, kin yi dariyar abin da ba ki taɓa ɗanɗanawa ba. Ni fa? Ni da shi nake kwana nake tashi. Kuma dariyarki ba ta fitar da ita sussuka ba, ta ji dariyar ta ci gaba da shararta a tsaye. Layi ɗaya nawa ne ya fitar da ita. Sannan da na gane, waya tana cikin ɗakin nan, a kan taga, ina kallonta. Minti nawa ne? Na zaɓi kunyata na ba Anas takarda.

Na nemi a ɗora ni a mota in zo, direban ya ga yadda nake hawa ya ce ba zai ɗauki alhakina ba a wannan hanyar. Jiya an kawo sabon gero an yi fura, na kai bakina na tuna yadda ake sussuka shi, na ajiye.

Ki rubuto mini gaskiya ko yaya take.

Inuwa

*

Toranke, cikin azumi

Zuwa ga Inuwa,

Amin wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Mun dawo, na tarar da takardunka a ajiye wajen maƙwabciyata. Ba wanda ya haɗa baki a kanka, tsoho. Ban rubuto ba ne don ban san abin da zan ce ba, su kansu likitocin cewa suke a jira a gani. Yanzu ga gaskiyar.

Sun ce wani abu kamar guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan gadon bayanta ne ya goce ya danne jijiya. Aka yi mata aiki, aka daɗe ana yi mata gashin ƙashi. Alhamdu lillahi tana takawa. Ƙafar hagun tana ɗan ja, kuma sun ce mai yiwuwa haka za ta zauna. Sun hana ta daka, sun hana ta ɗaukar kaya, sun hana ta goyo. Durƙuso da tsuguno kuwa likitan ya ce ta manta da su tukuna, in ba so take ta koma gadon asibiti ba.

A watannin nan na koyi abin da ban sani ba. Na ga yadda take juyawa a gado kaɗan-kaɗan tana riƙe numfashi. Na ga yadda atishawa kawai ke sa ta hawaye. Ɗakin da aka kwantar da ita akwai wata yarinya da ba ta kai ta shekaru ba, ita ma bayan ne. Yanzu in na ga mutum ya dafa bango zai tashi, sai in ji gabana ya faɗi. Ni nake goya Muhammad Bashir, ya yi nauyi kamar buhun gero, ƙuguna yana gaya mini, ban kuma ce wa kowa komai ba. Lami ta sa an ɗaura wa duk tsintsiyoyin gidan sanda.

Na roƙe ta gafara. Ta ce, "Haba Gwaggo, ai ba ki sani ba ne." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na nuna mata takardarka ta biyu, ta karanta ta sake karantawa, ta sa a ƙarƙashin matashi.

Amma ga abin da ya sa na rubuto. Shekaranjiya na leƙa ɗakinta na same ta ta riƙe ƙafar gado tana ƙoƙarin kai gwiwa ƙasa, fuskar nan ta haɗa gumi. Na daka mata tsawa. Ta ce gwadawa take, Sallah ta matso, tana so ta zo Kademi. Na ce ai kin ga ta biyun, ya janye. Ta ce, "Ya ce kada a karanta mini, Gwaggo. Bai ce in zo ba. Kuma ko ya ce, yaya zan tsaya a kan Baba kamar sanda mutane suna kallo?"

Na yi rantsuwa, na yi faɗa, ta ce to. Amma na san ta, 'yarka ce, kanku ɗaya. In na juya baya za ta sake, kuma in ta zo gabanka sai ta kai gwiwar nan ƙasa ko me zai faru. Maganata ba ta isa ba. Bakin da ya ɗaure ta shi zai kwance ta.

Taka,
Hansai

*

Kademi, goman ƙarshe na azumi

Hansai, wannan ba taki ba ce, amma ke za ki karanta ta. Ki tsaya a tsakar gida, inda kika tsaya wancan karon. A kira Lami da matan gidan, a kira Malam Bubayero in zai zo. Ki ɗaga murya yadda kike yi mini a waya. Kada ki tsallake ko kalma ɗaya, har da sunan da ke farkonta.

Zuwa ga 'yata Adawiyya,

Assalamu alaikum. Yaya jikin naki? Yaya Yusuf da mai sunan Malam? Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa kaffara ne.

Tun ranar da aka raɗa miki sunan nan ban taɓa kiran sa ba, ko a gaban mutane ko a bayansu. Haka muka tarar ana yi da 'yar fari, na kuma ɗauka shi ne mutunci. Yau na rubuta shi, kuma na ce a faɗe shi da ƙarfi.

Kin faɗi gaskiya ba a yarda da ke ba. Ciwon da ke jikinki shi ne a jikina, na fi kowa sanin ba ƙarya kike ba, amma na rubuta abin da na rubuta. Ba ki zubar mini da mutunci ba. Ni na zubar miki da lafiya. Duk wanda yake jin wannan ya shaida, laifin nawa ne, ina roƙonki ki yafe mini.

Ki zo da Sallah. Na yi wa Anas magana, gidan gaba naki ne ke kaɗai, kuma zai bi ramukan hanya a hankali ko da zai kai la'asar. Na sa kafinta ya yi kujeru biyu masu tsayi da majingina, an ajiye su a zaure, ɗaya tawa ɗaya taki.

Kin ji maganata sau ɗaya ta kai ki asibiti. To ki ƙara jin wannan, umarni ne. Ki shigo mini a tsaye, ki gaishe ni a tsaye. Ranar da gwiwarki ta taɓa ƙasa saboda ni, ranar ce kika saɓa mini.

Ina jiran ki, Adawiyya.

Mahaifinki,
Inuwa